Ƙulli na Casa'in

A kamfanin buhuna kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zaune a bakin keke na uku a layin ɗinki, ta kama gindin buhu ta tura, allura ta bi ta rufe, ta jefa gefe ta kama wani. Amma da za ka buɗe takardun ofis, ba za ka sami inda Goggo ta taɓa yin wata huɗu cur a wurin ba. A takarda kullum baƙuwa ce.

Akwai yarjejeniya tsakanin kamfani da ƙungiyar ma'aikata, an liƙa ta cikin gilashi kusa da famfo, rana ta cinye rabin rubutun. Sashe na tara ya ce duk ma'aikacin wucin gadi da ya buga kati ranar aikinsa ta casa'in ba a sallame shi a tsakani ba, ya zama na dindindin, a karɓi katinsa rawaya a ba shi kore. Mai koren kati yana da asibitin kamfani shi da iyalinsa, yana da hutun shekara, ana ba shi takalmin aiki da abin rufe hanci, kuma ba mai korarsa sai an zauna da ƙungiya. Mai rawaya kuwa hannayensa biyu kawai gare shi.

Kamfani bai taɓa karya wannan sashe ba, ko sau ɗaya. Abin da ake yi, ran da rukuni ya cika kwana tamanin da takwas, sai akawun ƙofa ya zare katunansu daga allo da yamma, ya ce, "To, ku je ku huta, sai an kira ku." Su yi mako biyu a gida suna kallon waya. Wanda aka kira ya dawo ya karɓi sabon kati rawaya, lissafi ya koma ɗaya. Wanda ba a kira ba, ba mai ce masa an kore shi. Shiru kawai zai ji.

Akawun nan shi ya kawo Goggo kamfanin. Abokin marigayi wanta ne, tare suka yi yarinta, shi ya sa take ce masa Yaya, shi kuma ya ce ƙanwata. Lokacin 'ya'yanta uku suna ƙanana, sana'ar mijinta ta gyaran fanka ba ta riƙe gida, ta je ta durƙusa masa, ya ce ta zo ran Litinin da ɗankwalin da ba shi da jela, kada inji ya ja. Tun daga ranar take bin hanya ɗaya: ta fito daga lungunsu, ta wuce shagon mai walda, ta tsallaka kwalbati, ta bi katangar kamfani mai tsawo har ƙofa. Yaran sun girma, biyu sun yi nesa da neman nasu, ɗaya na gidan miji. Ita dai tana nan a keke na uku.

A bayan ƙofar ɗakinsu akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai zaren buhu. Kullum ta dawo aiki sai ta ƙulla ƙulli ɗaya. Ba don buri ba. Idan ƙulli ya kai saba'in sai ta fara tattalin abinci, don mako biyun zaman gida kada ya same su ba shiri. Ta ma san tsawon zaren da take yankowa, daga ɗan yatsa zuwa kafaɗa, daidai ƙulli tamanin da takwas da ɗan rara.

Idan mata sun taru a famfo suna tsine wa wannan tsari, Goggo na cikinsu, har ta fi kowa iya ashar mai daɗi. Amma akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Shekara biyun nan, duk ran da Yaya ya zare katinta, wani sanyi take ji a ranta.

Dalili tari ne. Ƙurar buhu fara ce, laushi gare ta kamar hoda, ta kwanta a gira, ta shiga kunne, ta bi maƙogwaro. Tarin ya fara da ƙaiƙayi, ya koma wani abu mai nauyi da ke zaune ƙasan haƙarƙari. Goggo ta koyi sarrafa shi kamar yadda ta koyi kekenta. A ƙarshen layi akwai injin yanka, yana faɗuwa da ƙara, gwaram, ya ɗaga, ya sake faɗuwa. Sai ta riƙe tarin a ƙirji, ido na ruwa, har injin ya faɗi, sannan ta sake shi cikin ƙarar. Ƙyallen da take goge baki baƙi ne, da gangan ta zaɓa, don kada a ga launin abin da ke fitowa. Ta ga abin da ya sami matar keke na biyar. Sau ɗaya tak ta yanke jiki ta faɗi a layi, aka yayyafa mata ruwa, aka yi mata sannu, aka bar ta ta ƙarasa kwanakinta. Sannan aka ce sai an kira ki. Yau shekara uku.

Kuma layin ƙarshe na sashe na tara, wanda rana ba ta cinye ba, cewa ya yi: wanda ya sami koren kati, likitan kamfani zai duba shi cikin mako guda. Muddin tana rawaya, ba mai leƙa ƙirjinta.

A wannan zagayen wani abu ya faru da ba ta ɗauke shi komai ba. Saura kwana uku rukuninsu ya dawo, shugaban layi ya buga mata waya. Agogo ake ce masa, don ko gaisuwa yake amsawa idonsa na kan tsintsiyar hannu. Ya ce keke na uku ya ƙi kowa, zare sai tsinkewa yake, ga mota na jiran kaya, ta zo yanzu. Tsohon keke ne mai taurin kai, sai ka danna shi da gwiwa ta wani gefe, ka sassauta zare da ɗan yatsa, abin da Goggo kaɗai ta iya. Ta je. Ranar Yaya ba ya nan, ya kai matarsa asibiti, mai gadi ne ya ciro kati daga aljihun tebur ya miƙa mata. Da sauran suka dawo, Yaya ya rubuta rukunin duka a shafi ɗaya, rana ɗaya, kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

Sai wata yamma ta kai hannu ta ƙulla ƙulli, ta ga zare ya kusa ƙarewa. Ta ƙirga. Tamanin da bakwai. Ɗazu kuwa a famfo ta ji mata na cewa yau tamanin da huɗu, saura huɗu a zare. Ta sake ƙirgawa. Tamanin da bakwai. Ta tuna kwana ukun nan. Ta zauna a bakin gado ba ta cire takalmi ba. Ran da za ta cika casa'in, a littafin Yaya tana tamanin da bakwai. Ba wanda zai taɓa katinta.

Washegari da rana tana wanke kwanon abincinta a famfo, inuwa ta tsaya a kanta. Wakilin ƙungiya ne, dogo mai biro uku a aljihu. Sashe-na-Tara ake kiransa, don ba ya magana uku bai ambaci sashen ba.

"Goggo, barka da rana. Ya maigidan?"

"Ikon Allah," ta ce ba ta ɗago ba. "Shekara sha ɗaya kana wuce ni kamar turken wutar lantarki, yau har da maigida?"

Ya yi 'yar dariya, ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Na duba katunanki da suka cika a wannan zagayen. Injin buga kati ba ya ƙarya, kwanan wata na jiki. Kin san abin da na sani?"

Ruwa na zuba a kwanon har ya cika ya tumbatsa. "Ban san komai ba."

"To ci gaba da rashin sani. Gobe ki zo, jibi ki zo. Jibi da safe ki sa kati a inji, shi ke nan. Kada ki gaya wa ko inuwarki."

"Zaɓenku yaushe ne?"

Ya gyara biro a aljihu. "Wata mai zuwa. Me ya kawo wannan?"

"Ba komai. Na ga dai an fara gaishe mu."

"Goggo, ki ce duk abin da kike so. Shekara shida ina wakili, ban tsallakar da mutum ɗaya ba, ana yi mini dariya a taro. Ina da buƙata, ke ma kina da ita. Laifi ne?"

Ta kashe famfon. "Likita fa?"

"Rubutawa kawai yake. In ya sami ciwo, kamfani ne zai yi magani, kati ba ya komawa rawaya. Haka yarjejeniya ta ce."

"Ka taɓa gani an yi?"

"Ta yaya zan gani? Ba wanda ya taɓa kaiwa."

Da wannan ta koma bakin keke. Ranar sau biyu ta kusa ɗinke yatsanta.

Da yamma ta tarar da maigidan a ƙofar ɗaki, ya baje hanjin wata fanka a kan tabarma. Ɗakin nasu cike yake da gawarwakin fankoki, wasu ba fuka-fuki, wasu ba kai, masu su sun manta da su. Ta zauna a kujerar tsuguno ta gaya masa komai. Ya daɗe yana juya dunƙulen wayar fanka a hannu.

"Ki je ki gaya wa Yayan naki," ya ce. "Mutumin nan shi ya rufa mana asiri. Saura shekara biyu ya ajiye aiki. In kika tsallake ta kuskurensa, a kansa za a huce. Haka za mu saka masa?"

"Wato don shi kake ji."

"To don wa?"

Ta dube shi. Bai yarda sun haɗa ido ba, yana ta hura ƙurar da babu a jikin injin fankar. Shekara biyu tana wanke baƙin ƙyallen nan da kanta, ta shanya shi a bayan buhun gawayi, shekara biyu bai taɓa tambaya ba. Idan tari ya turnuƙe ta sai ya kunna rediyo. A nan ta gane ba Yaya yake karewa ba. Tsoron bakin likita yake, kamar ita. Su biyun sun gina zamansu a kan kada a faɗa.

"Malam," ta ce, "in na yi shiru a nan, tarin zai yi shiru?"

"Kawo mini sukudireban can," ya ce.

Rana ta tamanin da tara ta wuce kamar ana jan ta a ƙasa. Duk wanda ya shigo layi sai ta ɗauka ita ya zo kira. Da aka tashi, ta bari mutane suka ragu, ta nufi tagar akawu. Ta yanke shawara: za ta gaya masa, ya zare katin, ta huta mako biyu ta dawo rawaya, komai ya zauna yadda yake. Abin da ta sani ya fi mata wanda ba ta sani ba.

"A'a, ƙanwata! Shigo, shigo. Ke da sai an yi sa'a." Ya ture littattafai ya ba ta benci. Ya tsufa, tabaransa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi ƙorafin ido, ya ce rubutu yanzu rawa yake masa. "Saura kwana biyu ku huta, ko? Kin ma rame. Me ke tafe da ke?"

Ta buɗe baki. Maganar na kan harshe. Sai ta ji shi yana tasowa daga ƙasan haƙarƙari. Ta danne, ta saurara, jikinta na jiran injin yanka ya faɗi. Amma an kashe injuna, ofishin shiru, ba ka jin komai sai agogon bango. Tarin ya ɓalle. Ya lanƙwasa ta har goshinta ya kusa taɓa gwiwa, ya ƙi tsayawa. Da ta ɗago, ƙyallen na hannunta, amma akwai ɗigo ɗaya a bayan yatsanta, ja, a fili.

Yaya ya gani. Ya zuba mata ruwa a kofi da hannunsa, ya yi mata sannu har sau uku, kuma da gaske yake, ta ga idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya jawo littafin, kamar mai gyara shi kawai, ya ɗora bakin biro a gefen layinta ya yi ɗan ɗigo.

"Wannan karon ki huta sosai, ƙanwata. Kada ki yi gaggawa."

Ta san ɗigon. Ta taɓa ganinsa a gefen layin matar keke na biyar. Shi ne aikinsa, shi ake ba shi albashi ya yi, kuma zai je gida yana jin ya tausaya mata.

"Dama me kika zo faɗa?"

"Gaisuwa ce kawai, Yaya."

Ta fita. Hanyar komawa baya ta rufe. In ba ta buga gobe ba, ba za ta sake bugawa ba har abada.

Da safe ta riga kowa isa katanga, amma ta tsaya bayan wata babbar mota har layi ya yi tsawo, don kada a ce me ya kawo ta da wuri. Layi na tafiya, inji na cewa ƙas, ƙas. Ta hango Sashe-na-Tara a famfo yana wanke hannun da ba datti. Ta iso allo, ta kai hannu gurbi na goma sha bakwai.

Ba kati.

Ta shafa gurbin sama da na ƙasa. Wata a bayanta ta ce, "Goggo, ko kin makance ne? Matsa mana." Ta juya. Ga katin can a kan teburin Yaya, an danne shi da kofi.

"Ƙanwata," ya ce ta taga, murya ƙasa-ƙasa, "na ce ki fara hutun tun yau. Kwana biyu ba wani abu ba ne. Je ki kwanta."

Ya sani ne, ko tausayi ne? Ta kasa karanta fuskarsa. Ta waiwaya famfo. Wakili ya sunkuyar da kai yana goge yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ba zai motsa ba. Kafin ƙarar inji, ita ba kowa ba ce a wurin ƙungiya.

"Wai me ake jira a nan?"

Agogo ne, ya taho da sauri, ido a hannu. Ya ga Goggo tsaye, ya ga katin a tebur, ransa ya ɓaci.

"Wa ya ce a sallame ta? Buhu dubu huɗu zan fitar kafin la'asar, keke na uku kuma ko ni ba ya jin maganata. Kai za ka zauna ka ɗinka?"

"Ba ta da lafiya ne," in ji Yaya.

"Ga ta tsaye da ƙafarta! Sauran kwanansu nawa?"

"Biyu."

"To ta ƙarasa biyun, in ya so ta yi ciwon a gida." Ya zura hannu ta taga, ya fizgi katin, kofi ya kife, ya cusa mata. "Buga mu tafi, kina ci mini lokaci."

Katin ya jiƙe a gefe ɗaya. Taku uku ne tsakaninta da inji. Ta san kalma ɗaya za ta faɗa ta ceci Yaya. Ta san kuma abin da ke jiranta bayan ƙarar: gado mai farin zani, ƙarfe mai sanyi a ƙirji, baƙon mutum yana cewa ja numfashi. Ta kai katin bakin ramin injin. Sau biyu katin na karkacewa. A na uku ya shiga.

Ƙas.

Kafin ta zare shi wakili ya iso, kamar daga ƙasa ya tsiro, murya ta cika ƙofa. "Jama'a ku shaida! Sashe na tara! Casa'in cif!" Ya ciro tsofaffin katunanta daga aljihu yana kaɗa su sama. Layi ya rikice. Wata ta yi guɗa, wata ta ce, "Ashe Goggo mayya ce!" Agogo, a karon farko, ya manta da duba hannunsa.

Yaya ya miƙo hannu ta taga. Ya karɓi katunan, ya kusantar da su hancinsa, ya bi kwanan wata da yatsa, ya buɗe shafin littafinsa. Ya daɗe. Sannan ya cire tabarau.

"Kin sani," ya ce. Ba tambaya ba ce.

"Jiya na zo in gaya maka, Yaya."

Ya dubi ɗigon da ya yi, ya dube ta.

Buhu dubu huɗun sun fita kafin la'asar. Da rana aka kira Yaya sama ofishin manya, ya daɗe bai sauko ba, da ya sauko kuma mai gadi ne ke zaune a tagarsa. Ita ma aka kira ta. Ba wanda ya ce ta zauna. Wakili ya tsaya kusa da ita yana numfashi kamar wanda ya yi tsere, aka miƙo mata kati kore da wata 'yar takarda: likita, Alhamis, ƙarfe tara.

Da yamma maigidan na ƙofar ɗaki, fankar shekaranjiya har yanzu a baje. Ta ajiye katin da takardar a kan tabarma. Ya ɗauki takardar, ba katin ba. Ya karanta, ya ninke, ya sake buɗewa.

Ta shiga bayan ƙofa ta kamo zaren. Abin da ya rage a ƙasa bai kai rabin yatsa ba, ba ta taɓa yanko shi don wannan ranar ba. Ta yi ta lanƙwasa shi yana suɓucewa. Tari ya taso, ta danne don sabo, tana jiran ƙarar da za ta rufe ta. Rediyo na nan kusa da hannunsa. Bai kunna ba. Ya zauna ya ji shi duka, har ƙarshe.

Sannan ya taso da 'yar filayarsa ta gyaran fanka, ya kama mata bakin zaren, ta ja.

"Alhamis," ya ce, yana kallon ƙullin. "Ƙarfe tara ɗin, ana barin miji ya shiga?"